'Yar Ledar da Ta Fi Ni Iya Tsokana

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kamfanin Sanyi Ƙalau, masu ƙera fankokin da ke yi wa ƙwaƙwalwar kwamfuta fifita, da mataimakansa, da mataimakan mataimakansa, har zuwa kan bawan Allahn nan da ke manna leda a ƙarshe kafin a rufe kwali.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana cikin sanyi kai da iyali, saɓanin zafin da ka aiko mana gida a cikin kwali.

Ni ƙanin wani mutum ne da ya sayi fankarku. Umma tana kirana Auta, sauran mutanen gida kuma Ƙaiƙayi, wai hannuna ba ya zama wuri ɗaya. Makarantar allo kaɗai na yi, baƙaƙen boko a waya na tsince su, saboda haka in ka ga harafi ya karkace ka miƙe shi da kanka.

Ba zan ɓoye maka halina ba. Ni ne na taɓa manna salatif a idon linzamin kwamfutar Yayana, wato maus, ya yini yana buga shi da tebur. Ni ne na juya masa hoton sikirin ƙasa ta koma sama, ya yi rabin awa yana aiki da wuya a karkace. Waɗannan duk nawa ne, ban taɓa musu ba.

Yaya shi ya harhaɗa kwamfutar nan da hannunsa, ɗaya bayan ɗaya, kuma da ita yake haɗa wa mutane bidiyo. Da ya ƙudura zai canza mata furosesa, wato ƙwaƙwalwarta, sai ya yi min alkawari a gaban Umma: in na yi kwana talatin ban tsokani kowa ba, tsohuwar furosesar tawa ce, kuma zai koya min in haɗa tawa kwamfutar. Ranka ya daɗe, kwana ashirin da shida na yi. Na ga takalman baƙi jere a ƙofar ɗaki, igiyoyinsu suna kallona, na kau da kai na wuce. Allah kaɗai ya san abin da na haɗiye. Ana saura kwana huɗu sai ga kwalinku.

Ga koke-kokena, cikin ladabi.

Na ɗaya. Ranar da za a ɗaura sabuwar furosesa da fankarku, Yaya ya ce in tsaya a bakin ƙofa, hannuwa a baya. Daga nan na kalli komai. Aka ɗaura, aka kunna. Minti biyar na farko kwamfuta kamar za ta tashi sama, har Yaya ya gyara wuyan riga. Daga nan sai ta fara tafiyar mai ciwon ƙafa. Tallan wata makarantar koyon tuƙi yake haɗawa a lokacin. Motar cikin bidiyon ta shiga shataletale da hantsi, har rana ta take ba ta fito ba. Fankarku kuwa sai ruri take kamar injin niƙa, iskar da ke fita ta baya har Umma ta fara shanya safa a wurin. Shin wannan ne sanyin da kuke nufi, ko akwai wani ƙalau ɗin da zai biyo baya a wani kwalin?

Na biyu, kuma shi ne ya fi ci min rai. Yaya bai duba kwalinku ba, bai duba takardarku ba, waiwayowa ya yi ya dube ni.

"Kai Ƙaiƙayi, me ka saka mata?"

Na rantse ban taɓa ta ba. Ya ce ai ranar salatif ma haka na rantse. Gaskiya ne, amma waccan rantsuwar daban. Umma ta ja ni gefe ta sassauta murya ta ce, "Auta, cire abin da ka sa, ka ji? Ni zan hana shi dukanka." Aka yanke hukunci nan take: an rufe ɗaki da makulli, tsohuwar furosesa ta koma durowa, ni kuma wankin kayan Yaya ya dawo kaina har sai na tuba. Ranka ya daɗe, yaya mutum zai tuba daga abin da bai yi ba? Ta ina ake farawa?

Na uku. Kwana uku Yaya yana neman abin da na ɓoye. Ya goge komai ya sake zuba manhaja. Ya zare duk abin da ke zaruwa ya hura masa iska ya mayar. Ya canza waya, ya canza soket, ya canza ma kujerar da yake zama. Mai makarantar tuƙi yana ta kira yana tambayar ko motarsa ta fito. A ƙarshe aka ɗauko mai gyaran waya na bakin titi, ya kara kunne a jikin akwatin kamar likita, ya ce wannan bairos ne. Yaya ya tambaye shi wane iri. Ya ce irin mai ƙafa biyu, yana kallona. Mutumin da sau ɗaya tak na taɓa ɗaure masa kujera da ƙafar tebur!

Na huɗu. A rana ta huɗu Yaya ya fita neman wani masanin, ya bar min wandonsa in wanke. Makullin ɗaki yana cikin aljihu. Ni ban nemi makulli ba, hukuncin ne ya kawo min shi har cikin bokiti.

Na shiga na zauna gaban kwamfutar. Ban san lissafin injiniyoyi ba, amma na san sana'ata. Na tambayi kaina: da ni ne zan yi wannan aika-aikar, ina zan sa hannu? Tsokana mai kyau ba ta da kauri, ba ta da launi, kuma tsakanin abu biyu da ya kamata su haɗu ake saka ta, kamar salatif tsakanin linzami da tebur. To mene ne biyun da ya kamata su haɗu a nan? Ga mai jin zafi, ga mai fifita. Na ɗauki sukudireba na kwance fankarku, na juya ƙarfenta mai sheƙi da ke zama a kan furosesa, na goge man nan mai launin toka da Yaya ya shafa ranar ɗaura ta, na sa farce a gefe.

Sai ga ta. 'Yar leda, fara tas kamar ruwa, ba ta kai tafin hannun jariri ba. Kwana huɗu furosesa tana ƙuna a ƙarƙashinta, tana rage gudu don kada ta ƙone, fanka kuma tana can sama tana yi wa leda fifita da iyakar ƙarfinta.

Ranka ya daɗe, na daɗe ina kallonta, kuma ba zan yi maka ƙarya ba, kishi ne ya kama ni. Shekara nawa ina wannan harka, ban taɓa tsayar da gida guda na kwana huɗu da abu ƙarami haka ba. Wane ne ya kawo shawarar? A ina ya yi karatu?

Na biyar. A jikin ledar akwai jan rubutu da Turanci, kalma huɗu. Daga baya na ji wai cewa aka yi a ɓare kafin a ɗaura. Yaya yana da takardun makaranta har uku a bango, yana Turanci har da hanci, bai karanta ba. Ni da ban san abin da aka rubuta ba, na ɓare, domin ni duk abin da na gani a manne sai na ɓare shi. To wa kuka rubuta wa gargaɗin? Mai iya karatu ba ya dubawa, mai dubawa bai iya karatun ba.

Na shida. Na shafa sauran man yadda na hango Yaya ya yi, na mayar da fanka, na kunna. Ruri ya tsaya. Mota ta fito daga shataletale har ta yi fakin. Ina cikin murna Umma ta leƙo, ta ga kwamfuta tana gudu, ta ga sukudireba a hannuna.

"Alhamdu lillahi," in ji ta. "Ka cire ko? Da ma na san ɗana yana da imani."

Ka ji fa. Da ta lalace, ni ne. Da ta gyaru, an tabbatar ni ne.

Da Yaya ya dawo na bari sai da muka rage mu biyu, na miƙa masa ledar. Ya ɗaga ta wajen taga, leɓensa yana motsi, ya karanta jan rubutun nan a karo na farko. Ya zauna a hankali.

"Wa ka nuna wa?"

"Ba kowa, Yaya."

Ya jawo durowa, ya ɗauko tsohuwar furosesa, ya danƙa min a hannu ya rufe yatsuna a kai. Ya ce, "Umma ba ta buƙatar sanin harkar injiniyoyi." Wankin ma ya ce in bar shi. Haƙuri dai bai ba ni ba, amma ya tambaye ni ko ina shan shayi, abin da bai taɓa yi ba tun da aka haife ni.

Saboda haka furosesa ta zo hannuna, amma har yau a gidanmu ni ne mai laifi, ana ma ba da labarina a matsayin yaron da ya shiryu. Laifinku nake ɗauke da shi, ranka ya daɗe, ba tare da ko godiya ba.

Buƙatuna biyu ne kacal. Ku sa wa ledar nan launi, ko ƙararrawa, ko wutsiya mai tsawon kamu guda da za ta hana akwati rufuwa, domin ba kowane gida ne ke da irina ba. Sannan ku isar da gaisuwata ga mai manna ta. Ku ce masa wani ƙaramin abokin sana'a ya sara masa.

Kada ka damu cewa wasiƙar nan a buɗe take. Ban ambaci sunan kowa ba, kuma mutumin da bai karanta kalma huɗu da jan rubutu ba, ba zai karanta wannan doguwar ba.

A ƙarshe ina sanar da kai cewa mako mai zuwa zan fara haɗa tawa kwamfutar, kuma fankarku zan saka, don na riga na san inda kuke ɓoye halinku. Yaya zai cika alkawari ya koya min. Mun riga mun daidaita inda zai tsaya ranar ɗaura fanka: a bakin ƙofa, hannuwa a baya.

Allah ya ƙara wa kamfani sanyi, ya rage masa leda.

Naka mai biyayya, durƙushe har ƙasa, hannuwa a inda kowa zai gan su,

Auta, wanda ake kira Ƙaiƙayi,
mai laifin da bai yi ba.