Jirgin Laraba Ashe Biyu Ne

"…Lafiya lau, tsohon angona. Ashe har yau kana nan?"

"Ina jira ki yi kyau tukuna. Ba zan mutu in bar wa mutane bazawara mummuna ba."

Haka Mwajabu da kakanta Mzee Kombo suke gaisawa. Ta same shi da hantsi a dakalin gidansa a Tanga, garin bakin teku, yana shan shayin citta. Wata biyar ke nan da rasuwar matarsa, Bi Mwanahawa. Idonsa ya yi rauni, shi ya sa ya ba jikar wani tsohon littafin marigayiyar mai suna Jirgin Laraba, ta karanto masa.

"Kin gama, ko a makarantar taku ba a kai ga haɗa baƙi ba?"

"Na gama. Kai ba ka ce ka san labarin ba?"

"Sau huɗu na kalli fim ɗinsa a silima! Ɓarayi suka tare jirgin ƙasa, jarumi ya naushe mutum goma sha biyu, hularsa ko motsi. Shekara arba'in ina yi wa kakarki dariya, wai mace tana kuka don an daki ɓarayi."

"Kaka, da kanka kwakwa ne, ko kyauta ba mai ɗauka. Jirgin littafin na ruwa ne."

"Ƙarya kike. Ɓarayin fa?"

"Ko ɓarawon kaza babu. Suna kawai suka haɗa, kamar kai da Kombo mai gyaran keke."

"Wannan mashayin? Ki kiyaye ni. To, me ke ciki?"

"Wata mata ce ta ɗauko ɗanta daga tsibirin Pemba, yana zazzaɓi, za ta kai shi asibiti. Kafin jirgi ya tsaya ya cika a hannunta. Mijinta kuma bai ƙara kiran sunan yaron ba."

Tsohon ya ajiye kofin. 

"Faki," ya ce. "Wan babanki ne. Shekararsa biyu ya rasu."

"Ba wanda ya taɓa gaya mini."

"Wa zai gaya miki, ni na hana a kira sunansa? Sau nawa kakarki take cewa in zauna ta karanta mini. Sai in ce na riga na gani, har in tashi ina gwada mata naushin."

Mwajabu ta zauna kusa da shi.

"Shi mijin," ya ce a hankali, "ya yi hankali daga baya?"

"Ya yi, a shafin ƙarshe. Ya riga ka da shekara arba'in, kuma shi yana da haƙora."

Mzee Kombo ya yi dariya, yana share ido da gefen zanensa.

"Kin kayar da ni, ja'ira. Shiga ɗaki, turarenta na cikin akwati, na ba ki. Sai ki dawo ki ɗauko mini daga shafin farko. Kada ki yi sauri."