Maƙogwaron Alhaji Ashiru

Duk faɗin birnin Zazzau, daga Ƙofar Doka har Limancin Kona, ba a taɓa yin maƙogwaro irin na Alhaji Ashiru ba. Sauran mutane Allah ya ba su nasu don su haɗiye tuwo. Shi kuwa nasa na yanke hukunci ne. Abin da ya wuce ta cikinsa ya samu shaida, abin da ya ƙi kuma sai dai a ba awaki.

Asalin wannan baiwa sananne ne, domin ba ya barin kowa ya manta. A hanyarsa ta dawowa daga Umra jirginsu ya yada zango a Dubai, ya sha madarar cakulan mai sanyi a filin jirgi. Tun daga ranar ya daina zama tsohon ma'ajin sito na ma'aikata, ya koma masani. 'Yan majalisar ƙofar masallaci suka naɗa shi Sarkin Maƙogwaro. Da dariya suka yi naɗin, shi kuma da gaske ya karɓa.

"Ku yara ne a sha'anin ɗanɗano," haka yake ce wa dattawan da suka girme shi. "Harshe ai ɗan aike ne kawai. Madarar cakulan ba a sanin asalinta sai ta gangara maƙogwaro. Nan ne kotun take."

Baiwarsa ta biyu ita ce ibada. Litinin da Alhamis ba sa wuce shi ba azumi, in ji shi. A ranakun nan za ka gan shi yana tafiya a hankali, leɓe a bushe, carbi na lilo, yana amsa gaisuwa da muryar wanda ya kusa barin duniya. Da hantsi kuma sai ya tari Keke ya nufi Sabon Gari, wai zai duba wani mara lafiya. Mara lafiyar nan yana zaune ne a bayan wata rumfar mai waina, kuma har yau bai warke ba.

To, Alhaji neman aure yake. Hajiya Tayyiba yake so, malamar makaranta da mijinta ya rasu, wadda ta sayi firji ta fara haɗa madarar cakulan ta sayarwa. Waliyyinta shi ne yayanta, Malam Mika'ilu, malamin zaure wanda ba ya ba da aure sai ya auna addinin mutum. Sai Alhaji ya raba hajarsa gida biyu. Malam ya sayar masa da azumi, Hajiya ya sayar mata da maƙogwaro. Ciniki ya yi kyau, har an fara zancen sa rana.

Wata Alhamis cikin bazara ya biya zauren Malam da safe don ya gaisa, ya kuma nuna busasshen leɓensa. Malam ya ji daɗi ƙwarai.

"Alhaji, tunda azumi kake, zauna ka saurari karatu. Lada kan lada."

Ya zauna. Hantsi ya yi, mara lafiyan Sabon Gari yana can yana jira. Rana ta take, kwanon rufi ya ɗau zafi, Malam bai rufe littafi ba sai da aka kira azahar. Da aka dawo daga salla, leɓen Alhaji ya bushe da gaske, karon farko a tarihinsa.

A nan ne Hajiya Tayyiba ta yi sallama ta shigo da faranti. Kofuna uku ne a kai, kowanne yana zufar sanyi. Ko da gangan ta zaɓi ranar, Allah masani, ni dai ina cikin zauren, na ga kamar tana danne murmushi.

"Yaya Malam, gobe Juma'a nake so in fara kai wa shaguna. Biyu daga cikin nan na kanti ne, ɗaya tawa. Na ce ga Alhaji a gida, me zai sa in nemi wani alƙali?"

Dattawan da ke zauren suka gyara zama. Mutum mai hankali da ya ce a bari sai magariba. Amma ya za a yi a kira kotu a gaban jama'a alƙali ya ce ba ya nan? Alhaji ya yi gyaran murya.

"Ai malamai sun faɗa, mai azumi yana iya ɗanɗanawa ya tofar. Ko ba haka ba, Malam?"

"Makaruhi ne," in ji Malam Mika'ilu, "amma azumi bai karye ba muddin bai wuce maƙogwaro ba."

"Af," in ji Hajiya, "ba kai ka ce can ne kotun take ba?"

"Hajiya, wannan ga masu koyo ne. Ni na kai matsayin da harshena ke rubuta rahoto ya aika ƙasa."

Aka kawo tasa ta tofarwa. Ya ɗauki kofin farko kamar mai ɗaukar ƙwai, ya ɗaga shi wajen haske, ya shinshina, ya kurɓa, ya lumshe ido. Ya tofar.

"Wannan sukari ne ya yi wa cakulan juyin mulki. Ba laifi ga 'yan firamare."

Ya ɗauki na biyu. Mai kauri ne, da ƙanshin citta kaɗan. A ransa ya riga ya lissafa cewa mace mai wayo tata za ta ajiye a ƙarshe, don haka wannan na kanti ne, kuma zagin na kanti shi ne zai faranta mata. Ya kurɓa, ya yamutsa fuska, ya tofar da ƙarfi har sai da tasar ta yi ƙara.

"Subhanallahi! Wanda ya haɗa wannan bai taɓa fita ganuwa ba. Kunun kanwa ne aka shafa masa shuni. Ko kyauta aka ba ni, ba zan ba maƙiyina ba. A Dubai da an rufe kamfanin."

Hajiya ta zuba masa ido, shi kuwa ya ɗauka kwarjininsa ne.

Kofi na uku ya fi sauran sanyi, har da 'yar ƙanƙara tana yawo a sama. Alhaji ya kai baki. Tun shayin safe bai sa komai a ciki ba, ga zafi, ga tofarwa biyu da suka tayar masa da ƙishi. Ya kurɓa, ya riƙe a baki, ya kalli tasa, tasa ta kalle shi. Sai zakaran wuyansa ya hau, ya sauka. Dattawa duk suka bi shi da ido. Ya sake hawa, ya sake sauka. Kafin a ce kwabo gindin kofi yana kallon rufin zaure.

Ya ajiye, ya share gemu, ya ga ido ya yi masa yawa. Tunda azumi ya tafi, sai ya yi wuf ya kama Hajiya kada ita ma ta kuɓuce.

"Jama'a ku shaida! Wannan hannun Hajiya ne. Abin da ya karya azumin mutum irina ba ƙaramin abu ba ne. Na sadaukar da ladan yini guda don in tabbatar da gaskiya."

Hajiya Tayyiba ta tattara kofunanta a nitse.

"Wannan ta kwali ce, Alhaji, a shagon bakin masallaci na saya. Tawa ita ce kunun kanwar."

Wani dattijo tari ya sarƙe shi, sai da aka bubbuga masa baya. Malam Mika'ilu bai yi dariya ba, shi ba ya wasa da hukunci.

"Da ka ce mantuwa ce, da babu komai a kanka. Amma ka faɗa da bakinka da gangan ka sha. Wanda ya karya nafila da gangan sai ya rama. Ranar Litinin ka zo nan tun asuba mu wuni tare, kada shaiɗan ya sake samun ka kai kaɗai."

Masu magana sun ce taura biyu ba ta taunuwa. Zancen sa rana dai ba a sake tayar da shi ba, Hajiya ta ce ba za ta zauna da mutumin da ba zai iya ba maƙiyinsa abin hannunta ba.

Ranar Litinin da la'asar sai na wuce ta ƙofar zauren. Ga Sarkin Maƙogwaro a kan tabarma ya jingina da bango, yana rama azumin da bai taɓa ɗauka ba. Ta gabansa mata da maza ke fitowa daga cikin gida, kowa da gorar madarar Hajiya mai sanyi a hannu. Da aka kira magariba aka aiko masa da buɗa-baki daga ciki: dabino da ruwan randa.