Ranar da Na Je Tausaya wa Baba Nomau

Ba zan taɓa mantawa da katoɓarar da na tafka ba, shekarar da aka turo ni koyarwa wani ƙauye kusa da Agiye. Daga Maradi na zo da akwati cike da littattafan labari, irin waɗanda a cikinsu kowane tsohon ƙauye ƴaƴansa sun gudu birni sun bar shi da tari da akuya ɗaya. (Na karanta su har na fara ganin kaɗaici a fuskar jakin maƙwabcina.)

Sai ga Baba Nomau. Kullum da la'asar yana zaune shi kaɗai gindin wani gawo bayan lakol, wato makarantarmu, ya zuba tagumi yana kallon gonaki. Na ce wallahi ga mutumin littattafan nan da ransa.

Ran kasuwa na sayo tsire da goro, na je na durƙusa gabansa. Na zuba masa jawabi: duniya ta juya masa baya, amma daga yau ya ɗauke ni ɗa. Har muryata ta yi rawa (ni kaina na burge kaina).

Ya dube ni, ya dubi tsiren. "Mushe, lafiya kuwa?" (Haka ake kiran malamin makaranta a wajenmu, ba mushen dabba ba.)

"Baba, na san zafin zama ba kowa."

"Ba kowa? Gidana jikoki sun fi kaji yawa! Nan nake gudowa kunnena ya huta, kai ma ka biyo ni."

Kafin in miƙe sai ga jikokin sun sheƙo, ashe sun hango ni da ƙunshin nama sun bi sawuna. Suka haye tsohon suna ihu. Bayansu ga matarsa, Inna Hajo, ta ƙare mini kallo.

"Au, mushen nan ne? Bawan Allah! Jiya ma a bakin rijiya zancenka muke. Ba mata, ba aboki, sai ka rufe ɗaki kana hira da takarda. Har mun roƙi liman ya sa ka cikin addu'a."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Baba ya zaro tsinke ɗaya daga tsiren da na kawo, ya miƙo mini. "Ci, ɗana, ka rame."

Washegari ya sake maɓoya, bai kuma gaya mini ina ba. Ni kuwa na ɗauki darasi: kafin ka fara tausaya wa mutanen gari, leƙa bakin rijiya ka ji wa suke tausaya wa.