Zanen Da Iya Ta Fi Ni Gani

Ko zan manta da komai na zamana a Dutse, ba zan taɓa mantawa da wata Laraba ba, ranar da na tsaya gaban manyan mutane ina fassara musu zanen da ban san kansa ba balle gindinsa.

Lokacin watana uku da kama aiki a wani ofishin raya al'adu. Ina da ɗaki ɗaya a unguwar Takur, da kwat ɗaya ta gwanjo, da kai kamar tulu. Na karanta littattafai biyu a kan zanen Turawa (ɗayan ma ban kai ƙarshensa ba), shi ke nan na naɗa kaina masani. Ko kalandar bango aka nuna mini sai na karkata kai na ce, "Akwai saƙo a nan."

Ofishinmu ya shirya baje kolin zane-zanen wani dattijo, Malam Isiyaku, tsohon malamin firamare da ya rungumi fenti bayan ya yi ritaya. Darakta ya ce ni zan zaga da baƙi, ya kuma raɗa mini cewa Babban Sakataren ma'aikatarmu, wanda zai halarci taron, yana neman matashi mai baki da zai riƙa rubuta masa jawabi. Kwana uku na yi ina gwada magana a gaban madubi.

Ana gobe taron sai ga Iya. Kakata ce, ita ta raine ni a ƙauyenmu da ke bayan Jahun, da furarta na yi ƙashi. An cire mata yana a idon dama, likita ya ce ta dawo ranar Laraba a duba. Da sassafe na kai ta, kafin a sallame mu lokaci ya ƙure, babu damar mai da ita Takur. Dole muka faɗa adaidaita muka nufi zauren taro, ni da kwat, ita da baƙin tabarau na asibiti da ƙullin goronta. Na zaunar da ita a kujerar can baya, kusa da ƙofa.

"Iya, don Allah ki zauna a nan. Taron 'yan boko ne."

"To, Maigida," in ji ta (haka take kirana tun ina zanen goyo, irin wasan kaka da jika). "Ni da ido ɗaya da rabi me zan gani?"

Sai labari ya zo cewa motar da Malam Isiyaku ya hau ta yi faci a hanya, kuma takardun da aka rubuta sunayen zanen suna cikin jakarsa. Mai hankali zai ce a jira shi. Ni kuwa daɗi na ji, fili ya zama nawa.

Zane-zanen farko ba su ba ni wahala ba. Ga duwatsun Dutse, ga itatuwan dabino, ga mata a bakin rijiya. Ina zuba, Babban Sakatare yana gyaɗa kai, malaman jami'a da ɗalibansu suna biye da mu. Har muka iso kan babban zanen da ke tsakiyar zauren. Wata ƙatuwar da'ira ce ruwan ɗorawa, zaune a kan shuɗi mai duhu. Tsaga ta taso daga bakinta zuwa kusan tsakiya, an bi tsagar da 'yan gajerun layuka baƙaƙe a gicciye. A cikin da'irar kuma akwai wani fari-fari.

Ban san ko mene ne ba. Amma na gyara taye, na matso da makirufo.

"Ranka ya daɗe, wannan rana ce, ranar sabuwar jiha. Shuɗin nan duhun da muka baro ne. Tsagar nan ita ce iyakar da ta raba Jigawa da Kano. Farin nan hasken ilimi ne. Waɗannan layuka kuma masarautunmu ne guda biyar."

Wani malamin jami'a ya sa yatsa ya ƙirga. "Ai bakwai nake gani."

"Sauran biyun masu zuwa ne nan gaba," na ce, ko ƙifta ido ban yi ba. Wallahi har tafi aka yi mini. Na hango wata ɗaliba tana rubutawa a littafi (in tana karanta wannan, ta yafe mini).

Sai na ji murya a bayan kafaɗata.

"Kai Maigida, wace irin rana? Ƙwarya ce. Fashewa ta yi gyartai ya ɗinke ta."

Ashe Iya ta gaji da zama ta biyo ayari. Ga waɗanda suka taso a zamanin roba, gyartai shi ne mai yawo gida-gida yana ɗinke fasasshiyar ƙwarya. Dariya ta ɗan tashi. Na ji aikin rubuta jawabin Babban Sakatare yana sulluɓe mini, sai na yi abin da har yau in na tuna nake jin kamar in shige ƙasa. Na yi murmushin 'yan birni, na ce a cikin makirufo, kowa yana ji:

"A yi mata uzuri, kakata ce daga ƙauye. Ba a daɗe da yi mata aikin ido ba."

Iya ba ta ko dube ni ba. Ta ɗaga tabaran ta matsa har hancinta ya kusa taɓa fentin.

"Gyartan ma bahago ne," ta ce. "Dubi yadda ɗinkin ya kwanta."

"Wallahi bahago ne, Hajiya! Allah Ya jiƙan sa."

Duk muka waiwaya. Malam Isiyaku ne a bakin ƙofa, da jaka a hammata. Ban san tun yaushe yake tsaye ba, ban kuma taɓa samun ƙarfin halin tambayarsa ba. Ya ratso mutane, ya wuce Darakta, ya wuce Babban Sakatare, ya durƙusa ya gai da Iya.

Sannan ya yi bayani, a hankali, ba makirufo. Ƙwaryar mahaifiyarsa ce, wadda take dama musu fura a ciki. Shuɗin zanenta ne na rini, domin a cinya take ɗora ta. Farin nono ne. Ya zana ta ne daga sama, yadda yake leƙo ta ta kan kafaɗar uwar yana ƙarami. Shekarar da mahaifinsu ya rasu ƙwaryar ta faɗi ta tsage, aka ce ta jefar, ta ce hannun marigayi ne ya fafe ta, ba inda za ta. Ta kira gyartai. A cikinta suka ci gaba da sha har suka girma, su shida.

"Na kai zanen nan wurare," in ji shi, idonsa ya kawo ruwa, "ba wanda ya taɓa gane ta sai yau."

Ni kuwa ina tsaye da makirufo a hannu, na rasa inda zan ajiye shi. Abin da ya fi ƙona ni shi ne, a irin wannan ƙwarya na girma. Ta Iya ma ɗinkakkiya ce, sau dubu na sa baki a gefen ɗinkin. Wata uku kacal na kwat da taye suka makantar da ni.

Aikin rubuta jawabi dai wani aka ba. Babban Sakatare da zai fita ya dafa ni ya ce, "In masarautun nan biyu sun iso ka sanar da ni."

A adaidaita na ce, "Iya, ki yafe mini."

"Na me? Ai gaskiya ka faɗa, an yi mini aikin ido. Kai ne dai ba a yi wa ba."

Tun daga ranar, duk zuwan da zan yi gida, sai ta dama fura a tsohuwar ƙwaryarta ta dire a gabana ta ce, "Maigida, ga Jigawarka nan, sha. Ka bi a hankali ta wajen iyakar Kano, tana yoyo." Ta gaya wa matan gidan, ta gaya wa maƙwabta, ranar da aka kawo amaryata ma ita ce hirar farko da ta yi mata.

Da Iya ta rasu aka zo rabon 'yan kayanta, ba wanda ya kalli ƙwaryar. Ni na ɗauka. Tana kan kabad a ofishina yanzu, baƙi kan tambaye ni ma'anarta, wasu har su karkata kai irin yadda nake yi a da. Na koyi darasina: in ban sani ba, sai na nemi tsohuwar da aka ajiye a kujerar baya. Su kuma masu tambaya amsa ɗaya nake ba su, cewa ƙwarya ce, ta kakata. Sai dai ni kaɗai na san zan iya ba da kwat ɗin da ofishin gaba ɗaya, in dai za a sake dire mini ita a ce in sha Jigawata.