Yadda Za Ki Riƙe Rimot Bayan Fim Ɗin da Kika Zuzuta Ya Fito Lami

Kin yi wata da watanni kina cika wa mutanen gida kunne da fim ɗin nan. Kin hana kowa fita, kin sa an jera kujeru a falo, an kunna. To, ga shi ya ƙare. Bai yi muni ba, lami ne kawai, kamar shayin da aka manta da sukari. Ido ya dawo kanki, kuma a gida irin namu, wanda zaɓinsa ya faɗi shi ke miƙa rimot. Bi matakan nan, na ba ki tabbaci rimot ba zai bar cinyarki ba.

1. Kada ki riga kowa magana.
Sunaye na hawa a allo, ke ki kafe su da ido kamar kina neman na ɗan'uwanki. Masana sun ce faɗin abin da ke rai yana sanyaya zuciya. Masanan nan ba su da miji irin nawa, wanda da ya samu rimot sai tashar kifaye, wuni guda.

2. Cire tabarau, ki share ido.
Hamma ce ta kawo hawayen, amma wa ya sani? Jikata ta ce, "Wayyo, Kaka kuka take yi!" Na ce, "Bar ni, 'yar nan, sai kin girma za ki gane."

3. Ɗora laifin a kan mai kallo.
Surukina ya yi gyaran murya: "Mama, ni dai kamar tallan ya fi fim ɗin daɗi." Gaskiya ya faɗa, don haka kada ki raga masa. Ce masa, "Ai ba fim ɗin masu latsa waya ba ne." Da kansa zai cusa wayar a aljihu.

4. Samo abu ɗaya ki yaba.
Ni labulen ɗakin jarumar na kama. Na yi ta sharhi a kan labulen nan har maigidan nawa ya ce, "Ke, kin san yadda kifi ke barci kuwa?" Kada ki tanka. Tarko ne.

5. San inda za ki tsaya.
Yabo idan ya yi yawa, yarda da shi ake yi. Jikar tawa ta sauke fim ɗin a waya, ta raɗa masa suna "na Kaka". Duk zuwan da za ta yi, sai ta haɗa shi da talabijin: "Kaka, zauna, ga abinki." Har hannuna take riƙewa idan an zo wurin da na yi kuka. Yarinya mai zuciya irin wannan, da wane baki za ki gaya mata?

Rimot dai yana wurina har yau. Nasara ke nan.

A kula: mai wannan rubutu ba ta ɗauki alhakin duk abin da ya biyo baya ba, ko hamma ce ko ciwon baya. In kuma wani ya ce ya gan ni ina tura wa maigidan rimot a ƙarƙashin matashi, ina raɗa masa "yi maza kafin jikar nan ta shigo," sharri ne. Amma dai kifi da ido a buɗe yake barci.