Kore Ya Kwanta Dama

Da zuciya mai nauyi, cike da baƙin ciki, Anti Mai Fayil ta ofishin tantance ƙungiyoyin agaji tana sanar da rasuwar abokin aikinta Kore, alƙalamin maka mai koriyar tawada, wanda rai ya yi halinsa da safiyar Talata a kan teburinta, hularsa a gefe.

Wata goma sha huɗu marigayin ya yi a bakin aiki. Duk ƙungiyar da ta nemi tallafi, Anti kan karanta takardunta ta ja layi a goshin fayil: shuɗi na ilimi, rawaya na ruwa, ja na marayu. Lafiya kuwa ta Kore ce. Bai taɓa gardama ba, ko ranar da aka yini ana musu kan wata ƙungiya mai haƙa rijiya a harabar asibiti, kuma tana koyar da karatu. Iyakar abin da aka taɓa ji daga bakinsa shi ne ƙiii, ƙiii.

Ciwon ajalinsa ya fara da ƙishi, mako uku da suka wuce. Anti ta gani. Amma sabon maka sai da fom uku, ga shi mai sito mutum ne da ko allura ka roƙa sai ya tambaye ka ina tsohuwar. Sai ta riƙa ɗiga wa Kore ruwa kowace safiya, yana farfaɗowa. Ba ta lura ba cewa idan layinsa ya bushe, rawaya yake komawa. Baba Masinja kuwa launi yake bi, ba ya buɗe fayil. Ya kwashi asibitoci ya zuba a tarin ruwa.

An rufe asusun tallafin ruwa bana. Ranar Alhamis za a mayar da tarin ga masu shi. A ciki har da ɗakin haihuwar wata unguwarzoma da ta yi sawu huɗu, Anti tana ce mata ta kwantar da hankalinta. Darakta kaɗai ke iya tsayar da tarin, shi kuma ba ya tsayar da komai sai ya ji dalili. Ya taɓa sallamar akawu a kan abin da bai kai haka ba.

Marigayin ya bar ƙannensa Shuɗi da Ja, da Rawaya wanda ake harara ba laifinsa, da fayil ɗari shida da suka cakuɗe, da Anti, wadda sai Talata ta gano ɓarnar. Tsoro take ji ƙwarai.

Ba zaman makoki. Masu ta'aziyya su zo da tabarau, kowa ya ɗauki fayil hamsin. Za a yi jana'iza Alhamis ƙarfe tara, a kwandon shara na ƙarƙashin tebur, bayan Anti ta kai gawar ofishin Darakta ta faɗi wanda ya ba marigayin ruwa. Ana roƙon mai shara kada ya kwashe kwandon sai an ga yadda ta fito.