Tarihin da Ya Ƙare da Miyar Agushi

A ofishinmu ni ne gwanin karatu. Tarihi, soyayya, addini, har littafin kiwon kaji, babu wanda ba na yi wa sharhi. Da Oga Darakta ya ce kowa ya karanta wani littafin tarihin siyasa mu tattauna, na ce faɗuwa ta zo daidai da zama. Na sayi nawa da araha a tashar Utako.

Ranar tattaunawa na gyara hula na miƙe. "Ranka ya daɗe, marubucin nan akwai hikima! Ana tsakiyar juyin mulki, kawai ya koma bayanin dafa miyar agushi. Wato talaka cikinsa ne damuwarsa."

Madam Rifkatu, abokiyar aikina, ta karɓi littafin ta duba. Ashe jabu ne, an manne masa rabin littafin girki.

Oga ya cire tabarau. "Malam, kuma ka karanta har ƙarshe?"

"Har da dambun nama, ranka ya daɗe."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Har yau, ko tuwo nake ci, sai wani ya leƙo ya ce, "Malam, me marubucin yake nufi da wannan lomar?"